Ɗan Akwatin da ke Tambayar Mai Shago

Asabar, da hantsi

Bismillahi. Ni ce Iyatu ta Gummi, gidanmu na nan hanyar gulbi. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, don haka Hamida matar ɗana ke rubuta mani wanga abu. Na ce mata ta bar maganata yadda ta fito, kada ta yi mata kwalliyar rediyo. Ita ta kawo shawarar. Ta ce tunda na koma magana ni kaɗai awa mai korar tsuntsu a gonar shinkafa, gara in riƙa faɗi tana rubutawa, ko ƙirji ya rage nauyi.

Ɗan nawa na fari ne, don haka sunanshi ba ya fita bakina. Haka munka taras. Ita ma Hamida ba ta faɗin sunan miji. Mai Shago muke ce mashi, don yana da shago bakin titi inda yake buga katin biki da duba wa 'yan makaranta sakamakon jarrabawa a kwamfuta. Tun farkon watan ga ya hau babur ya nufi Bukkuyum wurin wani aiki, ya ce daga can zai wuce Anka ya kwana. Mutanen Bukkuyum sun ce ya taso. Mutanen Anka sun ce bai iso ba.

Iyakar abin da zan faɗi ke nan a kai.

Lahadi, bayan azahar

Shago a rufe yake. Hamida ta sa anka ɗauko kwamfutar zuwa gida, ta aza ta bisa ɗan tebur nan ƙarƙashin rumfa, 'yan mata suna shigowa tana duba masu abin da sunka zo nema. Ta iya, shi ya koya mata. Da kuɗin aikin muke cefane yanzu.

Sai dai akwai wani abu. In ta kunna kwamfutar, buɗewa take lafiya lau. Amma da zarar ta taɓa ƙofar shiga intanet, wadda take kira burauza, sai wani ɗan akwati ya fito tsakiyar gilashin ya tsaya. Akwai wurin da take dannawa ya tafi. Ya tafi ya dawo. Sai ta kore shi ta sake kore shi kafin ya ƙyale ta ta yi aiki.

Na ce, “Mi yake cewa?”

Ta ce, “Kalmar sirri yake nema, Inna. Wadda Mai Shago kaɗai ya sani.”

Na ce, “Ashe shi yake nema.”

Ta ce, “A'a Inna, kalma yake nema.”

Na ce, “Wanda ya tsaya ƙofar gida ya ce ina mai jan babur, ai ba babur ya zo gani ba.”

Ni kuwa na jawo tabarmata kusa da teburin.

Talata, da safe

Ya fito. Ya tambaya.

Laraba, da marece

Kwanakin farko gidan ga cike yake da masu jaje, har takalma sun rasa wurin zama a zaure. Kowa ya shigo, “Ina labari? An ji wani abu?” Yanzu in sun shigo sai su gaishe ni da ruwa, su yi zancen gulbi ya kawo, su kalli ƙasa. Ba na ganin laifinsu. Ba gidanmu kaɗai ba ne. Wasu gidajen ma ana kiransu a waya, a faɗa masu magana mai ɗaci, amma dai an kira. Mu wayar Hamida tana nan bisa taga, ana cika ta da wuta kullum, ba ta da abin faɗi.

Sharu, ƙanen marigayi mijina, shi ke yawon neman labari. Ya fara gajiya, na gani a tafiyarshi.

Alhamis, bayan sallar asuba

Na yi mafarki. Ina bakin gulbi, ruwa ya cika fal, ja awa kunun kanwa. Mai fito yana zaune cikin jirginshi. Can ƙetare ga yaron, yana ƙarami, da 'yar taguwarshi mai aljihu ɗaya, yana jifar ruwa da tsakuwa. Na zo shiga jirgi, mai fito ya gitta gora. Ya ce sai na faɗi kalma. Na ce wace kalma? Ya ce wadda ake faɗi. Na yi bismillah, bai ɗaga gorar ba. Na yi salati, bai ɗaga ba. Ba fushi yake ba, har murmushi yake mani. Shinkafa ta tsiro cikin jirgin tana kaɗawa, farar balbela na tafiya bisa ruwa awa bisa daɓe.

Yaron bai ɗago ya dube ni ba. Yana ta jifarshi.

Jumma'a, da hantsi

Manu ya zaka. Abokin Mai Shago ne tun suna satar mangwaro, yanzu shi ke gyaran waya da kwamfuta a kasuwa. Hamida ta kira shi ba da sanina ba.

Ya durƙusa ya gaishe ni. Na ce, “Manu, har yanzu ba ka yi ƙiba ba? Ina ɗanwaken da ka cinye mani shekara da shekaru?”

Ya ce, “Inna, tun da kika daina yi na rame. Alhakina na wuyanki.”

Ya zauna gaban kwamfutar, akwatin ya fito mashi shi ma. Ya yi 'yar dariya, ya faɗi sunan abokin nashi, ya ce halinshi ne sak. Ya juyo ya yi mani bayani a hankali, awa mai ba jariri kunu.

Ya ce, “Ba lalacewa ta yi ba, Inna. Shi ya saita ta ta riƙa buɗewa da kanta, don ba ya son ɓata lokaci da safe. To cikinta akwai wata 'yar adaka inda burauza ke ajiye makullanshi na wurare. Ita adakar da kwaɗo take. Duk sa'ad da burauza ta tashi sai ta taɓa adakar, ta ji ta gam, sai ta tambaya.”

Hamida ta ce, “Ana iya hana ta?”

Ya ce, “Da mun san kalmar, buɗewa zan yi in cire kwaɗon, shi ke nan. Tunda ba mu sani ba, sai in ɗauke tsohuwar adakar in aje sabuwa marar kwaɗo. Sai dai ki kula, marar kwaɗo duk wanda ya ɗauki kwamfutar yana iya leƙawa. Tsohuwar kuma ba jefarwa zan yi ba, in zuba ta cikin filashi.” Ya nuna mani wani ɗan ƙarfe da bai kai ɓarin goro ba. “Ba abin da zai ɓace. Kafin shayi ya huce na gama.”

Na ce, “Daga nan fa?”

Ya ce, “Daga nan ba ta ƙara tambaya.”

Na ce, “Ko da safe?”

Ya ce, “Ko yaushe, Inna.”

Na ce kada ya taɓa. Ya dubi Hamida, Hamida ta dubi bango. Ya ce, “Inna, wallahi kayanshi ba za su salwanta ba.” Na ce ni ba kaya ke gabana ba. Na sa anka zuba mashi fura, ya sha ya tafi.

Asabar

Hamida ba ta yi mani magana ba sai gaisuwa. Rubuta hakanan. Ai gaskiya ce.

Lahadi, bayan la'asar

Bari in faɗi wani abu na dauri, ko ki gane ni.

Ni 'yar Duza ce, can ƙasar Anka. Can na koma goyon ciki na haife shi, ɗakin Innata. Ranar da anka aza mani shi, kau da kai na yi, don mata sun cika ɗakin. In yana kuka ban tashi sai wani ya ce, “Ke Iyatu, ba ki ji?” Sannan in tashi awa an tilasta ni. Kowa na yabona, ana cewa ɗiyar ga da kunya take. Sai ɗaki ya watse nake sansana kanshi. Ƙanshinshi awa na ƙasa in an yi ruwan farko.

Da munka dawo Gummi ya tasa, wata rana ya bi masunta ƙetare. Hadari ya haɗo, jirage sunka dawo ban da nasu. Ina zaune tsakar gida ina ɓarar gujiya. Ban tashi ba. Uwar ɗan fari ba ta tambaya. Ina ɓara ina jiran wani ya tambaya, har na ɓare ɗanyar da busassar, na haɗa da ɓawon cikin kwarya ban sani ba. Can sai surukata ta leƙo ta ce, “Wai ina yaron ga?” Wallahi ji na yi awa an sauke mani tulu daga ka. Da ta faɗi, mijina ya fita, maƙwabta sunka fita, aka taras da su sun fake cikin bukkar masu gadin shinkafa suna gasa kifi.

Haka na yi rayuwata. Kullum akwai mai tambaya a madadina. Surukata ta tafi. Mijina ya tafi. Masu jaje sun koma zancen gulbi. Wanga ɗan akwati shi kaɗai ya rage cikin garin ga da ke tashi kowace safiya ya ce ina yake.

Kin ji dalili. Ba rigimar tsufa ba ce kaɗai.

Litinin, da safe

Ya tambaya. Na ce mashi, a hankali, bai iso ba tukuna.

Talata, da rana tsaka

Sharu ya zaka da wata magana da ta shafi liman da masallaci, irin wadda ake yi in an fid da rai da mutum. Ban bari ya kai ƙarshenta ba. Na tambaye shi ƙafarshi mai ciwo.

Laraba, da marece

An ce wasu sun fito daga daji wajen Bukkuyum, ƙafafu a kumbure, tufafi awa tsumman goge tukunya. Sharu ya bi mota. Na sa Hamida ta share ɗakin, ta shanya katifa. Na jiƙa gero da kaina. In mutum ya daɗe bai ci ba, ba a fara mashi da tuwo, kunu ake damawa ruwa-ruwa.

Iska na kaɗa zanen gadon bisa igiya, yana cika yana sacewa, awa mai numfashi.

Jumma'a, bayan masallaci

Sharu ya dawo. Ya zauna, ya sha ruwa moɗa guda. Ya yi zancen tsadar taki.

Geron ya yi tsami, mun ba awaki.

Asabar

Ba ni da magana yau.

Lahadi, da hantsi

Mafarkin ya dawo, amma wanga karo ba gulbi. Ina tafiya cikin wani gida mai zaure bayan zaure. Kowane zaure da ƙaramar ƙofa, kowace ƙofa da murya mai taushi tana cewa wane ne. In na ce ni ce, sai ta ce wane ne. Daɓen da sanyi, ga ƙanshin shinkafa sabuwar turarawa, ga babur jingine jikin bango, kaji sun yi ƙwai bisa sirdin. Ban ji tsoro ba. Na so in zauna nan in huta. Kiran salla ya tashe ni.

Litinin, bayan azahar

Yau wasu 'yan mata sunka zo duba sakamako, baƙi ne daga wani ƙauye, ba su san gidan ba. Hamida ta taɓa burauza, akwatin ya fito. Ta kore shi ya dawo. Ta kore shi ya dawo. Sai ɗaya mai bakin tsiya ta kwashe da dariya ta ce, “Anti, maigidan bai yarda da ke ba ke nan? Ya kulle abinshi ya tafi da makulli. Ki bincika, wata ce a ciki.”

'Yar'uwarta ta ce, “Ke dai Maimunatu bakinki ya fi ki girma.”

Hamida ta yi murmushi, ta duba masu, ta ce sun ci, ta yi masu barka. Da sunka fita ta shiga madafa ta daɗe, alhali ba a aza komai bisa wuta ba.

Talata, da marece

Rubuta wanga, ko ba ki so. Na ga hannunki ya tsaya.

Ɗazu na kishingiɗa cikin ɗaki, Hamida na tsammanin na yi kwana. Ta labule nake ganinta. Akwatin ya fito, ba ta kore shi ba. Ta rubuta wani abu ciki, ta jira. Ya ƙi. Ta goge ido ta rubuta wani. Ya ƙi. Haka ta yi ta yi har rana ta bar rumfa.

Na fito na ce, “Mi kike sa mashi?”

Ta firgita. Can ta ce, “Sunana na sa, Inna. Na sa ranar aurenmu. Na sa sunanki. Na sa Duza, na sa lambar babur, na sa sunan da yake kirana in mu kaɗai ne.”

Na ce, “Kullum kike yi?”

Ta ce, “Kullum.” Sannan ta ce, “Ke in ya fito, ji kike ana tambayar ɗanki. Ni in ya fito, tambayata yake abin da ban sani ba game da mijina. Da safe in ce ban sani ba, da rana in ce ban sani ba, gaban mutane in ce ban sani ba. Ban san kalmar ba, ban san hanyar da ya bi ba, ban san ko ni matar aure ce ko...”

Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban so ta ƙarasa.

Na ce mata tun yana yaro haka yake, ko gwangwanin fara sai ya ɗaure shi da waya ya ɓoye ƙarƙashin rumbu. Ba rashin yarda ba ne. Ta ce ta sani.

Ban ce a kira Manu ba. Kada ki rubuta na ce.

Alhamis, bayan la'asar

Ƙanwata Sahura ta iso daga Tungar Guru, sun biyo ayarin motoci don yanzu ba a tafiya ɗai-ɗai. Ta kawo daddawa da kuka, ta kawo bakinta. Tana ajiye ƙunshi ta ce, “Yaya, kin koma awa tsinken tsire. In kin mutu wa zan riƙa zagi?”

Na ce, “Ki zagi mijinki, ai shi ya saba.”

Ta ga tabarmata manne da tebur, ta tambaya, Hamida ta faɗa mata. Ta kalli akwatin ta kalle ni, sannan munka zauna cin tuwo. Muna wanke hannu ta ce, “Kin tuna shekarar dalma?”

Wa zai mance. Shekarar da maza ke kawo dutsen zinari gida ana daka ana niƙa tsakar gida, ƙurar mai gubar dalma ta shiga ƙasa, ƙasar ta shiga yara. Sahura ta binne jikoki a shekarar.

Ta ce, “Da masu aikin sunka zo kankare ƙasar gidaje su kawo sabuwa, kin san kwanciya na yi gindin turmi? Nan jikana Bilyaminu ke rarrafe, Allah ya jiƙanshi. Nan yake zama yana buga ludayi. Na ce duk gidan su kwashe, ban da nan. Sunka yi lallashi, mai gari ya zaka, na ce sai dai su haɗa da ni cikin buhu. Ina kwance, fuskata a ƙasa, sai ƙanwarshi da ta rage ta rarrafo wurina. Ta zauna. Ta damƙi ƙasar ta kai baki tana mani dariya.”

Na ce, “Sai kika yi mi?”

Ta ce, “Sai na tashi mana. Na ɗauke ta na ba su wuri. Ga ta nan yanzu ta yi tsawo, har tana mani rashin kunya.”

Na ce, “Ni ban tambaye ki labari ba.”

Ta ce, “Ni ma ba ke nake ba. Hamida nake ba.”

Jumma'a, da safe

Ya tambaya. Ban dubi gilashin ba, fuskar Hamida na duba. Ban taɓa dubanta a wanga lokaci ba. Kafin ta taɓa burauza sai ta ja numfashi ta riƙe, awa mai shirin taka ƙaya da ta san tana nan.

Tun farkon watan jiya take haka, ina gefenta, ina jin daɗina.

Asabar, bayan azahar

Na aiki Sahura kasuwa ta kira Manu.

Ya zaka ya zauna, yau ba wasa. Ya soka ɗan ƙarfen nan gefen kwamfutar, ya yi 'yan danne-danne, ya zare ya miƙo mani da hannu biyu. Ya ce, “Ga adakarshi, Inna, da kwaɗonta. Ranar da ya dawo sai ya buɗe abinshi.” Na karɓa. Ba nauyi ko kaɗan. Na ƙulle shi bakin zane inda nake ƙulle goro.

Sai ya taɓa burauza, wani akwati ya fito, ba irin na kullum ba. Ya ce wanga sabuwar adaka ce ke tambaya wace kalma za a sa mata. In an bar wurin fili aka danna nan, za ta ce kin tabbata, a ce eh, shi ke nan.

Na ce, “Tsohon fa, ba zai ƙara fitowa sau ɗaya ba?”

Ya ce, “Ya riga ya tafi, Inna.”

Na so a ce na sani da safe, da na dube shi da kyau.

Manu ya kai hannu, na ce ya dakata. Na ce ya nuna mani wurin. Ya kama yatsana ya aza, awa masu zaɓe. Abin da santsi. Na danna. Ta sake tambaya, na sake dannawa. Farin fili ya buɗe, ba komai tsakiyarshi.

Sahura ta ce, “To, Yaya ta zama ma'aikaciya.” Ba wanda ya yi dariya, har ita.

Lahadi, da safe

Kwamfutar ba ta tambayi kowa ba.

Litinin, da hantsi

Sahura ta koma. Hamida ta kunna, ta taɓa, ta wuce aikinta kai tsaye. Na ji tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa tana buga katin sunan wani jariri, ba ta ma san tana yi ba. Na daɗe ban ji ba.

Ni dai ina bisa tabarma. Tsakar gida tsit, sai kurciya. Na jira, ban san mi nake jira ba. Rana ta hau bango ta sauka, duk faɗin Gummi ba wanda ya ce ina yake.

Talata

Haka.

Laraba, bayan la'asar

Zauna da kyau, yau da tsawo kaɗan, kuma ƙafafuna zugi suke.

Da hantsi da kika ga na ɗauki mayafi na ce zan je barka, ba barka na je ba. Tasha na je, inda motocin Bukkuyum ke lodi. Rabona da wurin tun mijina na da rai. Hanyar ta yi mani tsawo, ina tafiya awa cikin ruwa, mutane na wucewa ba na jin sawunsu. Na tsaya gindin wata bishiya ina kallon motoci, na ce in wani ya gane ni ya tambaya, shi ke nan, sai in koma gida. Ba wanda ya gane ni. Mai rake ya ce in matsa ina tare mashi ciniki.

Akwai wani direba, dattijo, yana ɗaure buhuna bayan mota, an ce Ubaidullah sunanshi, kullum yana bisa hanyar nan har Anka. Na matsa. Na gaishe shi, ya amsa bai juyo ba.

Ya ce, “Gaba ko baya, Inna? Gaba ya cika.”

Na ce, “Ba tafiya zan yi ba. Tambaya na zo yi.”

Ya juyo. Na ce, “Wani yaro ne, ya bi hanyar ga bisa jan babur, tun watan jiya. Dogo, da tabo nan bisa gira.”

Ya saki igiyar. Ya ce, “Minene naki?”

Ga mutane ko'ina, ga 'yan kamasho, ga mata masu fura sun zuba mani ido. Na ce, “Ɗana ne.”

Ya ce, “Allah sarki. Mi sunanshi? In ba suna ba a iya cigiya.”

Na waiwaya, wai ko akwai mai faɗi. Ba Sharu, ba Manu, ba kowa. Na kama bakin zanena na riƙe.

Na ce, “Almustapha.”

Ya ce, “Ban ji ba, Inna, injin ga na ƙara.”

Na sake faɗi da ƙarfi, har mai rake ya juyo.

Direban ya maimaita shi, ya kira yaran motoci biyu ya faɗa masu, ya ce duk inda sunka tsaya shan ruwa su tambaya. Ya ce bai yi mani alkawarin komai ba. Na ce na sani. Ya ce in riƙa leƙowa, na ce ai na ga hanya.

Rubuta shi yadda na faɗa, da manyan baƙaƙe in kina so. Kin rubuta? Juyo da littafin in gani. Wanga ne? Ashe haka yake, da tsawo.

Bar shi buɗe nan kusa da ni. Na gaji, Hamida.

Nan Inna ta tsaya, ni Hamida na bar mata littafin a buɗe.